Shekarar da Saratu Ta Daina Gani

Akwai wata magana da na san kun ji a gidanmu na Gwiwa, ko da ba a gabana aka gaya muku ita ba. Goggonku Hansai, yayata, ta sha cewa mahaifiyarku ce ta jawo wa yayarku Saratu makanta, wai ita ta nace a yi wa yarinya aikin da ba a saba yi ba. Mahaifiyarku Binta ta rasu ba ta taɓa mayar da martani ba. Yanzu su biyun duk suna ƙasa, Allah Ya jiƙansu, saura ni kaɗai cikin manyan da aka yi abin a gabansu a wancan lokaci. Kai Babangida kana yaro, abin da za ka tuna bai wuce kai ka gidan kakarka da aka yi ba. Kai Nura kana goye. Ke Hadiza ba a ma haife ki ba. Don haka zan ba ku labarin yadda ya faru, ku yi hukunci da kanku.

Lafiya ƙalau aka haifi Saratu. Tana 'yar watanni, a tsakiyar bazara, sanƙarau ya kama ta. Ta warke, muka yi godiya ga Allah, muna ganin an wuce wurin. Sai Binta ta lura hular da ta saƙa mata ta daina shiga. Ta saƙa wata, ita ma ba a jima ba ta matse. Maɗigarta ta kumbura ta yi tauri, jijiyoyin kanta suka fito raɗa-raɗa, idanunta suka riƙa nutsewa ƙasa kamar mai kallon kumatunta. A gida kowa ya kawo tasa shawarar. Wani ya ce a kira wanzami ya yi mata tsaga, wata ta ce iska ce. Ni a lokacin malamin gona ne, ina zirga-zirga tsakanin Gwiwa da Roni a kan babur. Na ɗauke su ita da uwarta zuwa asibitin Kazaure, daga can aka ba mu takarda zuwa babban asibiti a Kano. A nan aka yi mana bayani cewa akwai ruwan da ƙwaƙwalwar kowane mutum ke yi kullum, yana zagayawa ya wuce. Nata hanyarsa ce ciwon ya toshe, shi ya sa yake taruwa yana tura kai. Suka sa mata wata siririyar roba daga cikin kai, ta bi bayan kunne a ƙarƙashin fata, ta gangara wuya da ƙirji har cikin ciki, inda ruwan zai riƙa zuba jiki ya shanye shi.

Robar nan ta yi mana alheri, ba zan ɓoye ba. Saratu ta zauna, ta yi rarrafe, ta tashi da ƙafarta, ko da yake a makare. Kanta ya ɗan fi na tsararrakinta girma, yara suna tsokanarta, amma bakinta ya fi nasu kaifi, ba ta dawowa gida da kuka. Ta shiga makarantar allo. Takan bi ni gona ta riƙa tambayar sunan kowace ciyawa. Binta kuwa ta san robar nan kamar yadda ta san yatsunta. Kowace safiya wajen wanka sai ta bi ta da yatsa daga bayan kunne har ƙasa, ta tabbata babu kumburi, babu ja.

Saratu tana wajen shekara shida abin ya juya. Bayan ƙaramar salla ta fara kukan ciki, sai amai, sai cikin ya kumbura ya yi tauri, ba ta yarda a taɓa. A Kano suka ce ƙwayoyin cuta sun kama robar, ruwan ya taru wuri ɗaya a cikin ya ƙi shanyewa. Suka cire, suka ba ta magani, suka sa sabuwa ta ɗaya gefen. Ba mu daɗe da komawa gida ba abin ya dawo, ya ma fi na farko. Wannan karon da suka cire ba su mayar ba. Suka fito da roba ta fatar kanta kai tsaye zuwa wata jaka da aka rataye a gefen gado, ruwan yana ɗiga ciki muna kallo. Yarinyar da ba ta iya zama wuri ɗaya aka ce ba za ta ɗaga kai daga matashi ba sai nas ta zo ta rufe robar. Binta ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin gadon, da Nura a bayanta, nan ta zauna makonni. Ni ina zuwa ina komawa saboda aiki.

A gadon da ke kusa da nasu akwai wata yarinya 'yar Babura, ta ɗan girmi Saratu. Ita tata robar ba ciki aka kai ta ba, cikin jijiyar wuya aka sa ta har zuciya. An dawo da ita ne da zazzaɓi mai zafi, cuta ta bi robar ta shiga jini. Binta da uwar yarinyar suka shaƙu, suna cin abinci kwano ɗaya, wannan ta riƙe wa wannan goyo. A gaban idon Binta yarinyar ta yi ta karkarwa, jikinta ya kumbura, fitsari ya ɗauke. Uwar ta gaya mata kwana biyu suka yi a gida suna ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro kafin su gane ba shi ba ne. Wata rana da hantsi yarinyar ta cika. Binta ce ta taya uwar naɗe kayansu, ta raka ta har bakin mota.

Ba a yi mako da wannan ba likita ya kira mu ofishinsa. Mutum ne mai sanyin murya, ba ya gaggawar magana. Ya ɗauki biro ya zana kan mutum a takarda, ya ce:

"Malam, cikin yarinyar nan ya gaji. Ya yi tabo, ba zai ƙara shan ruwan ba. Jakar nan kuma ba za ta daɗe ba, kowace rana da ta ƙara, haɗarin cuta ta shiga ƙwaƙwalwa yana ƙaruwa. Hanya uku ta rage mana, kuma babu wadda ba ta da aibu."

Ya ce ta farko a kai robar cikin ƙirji, gefen huhu. Amma Saratu ta yi ƙanƙanta, ƙirjinta ba zai ɗauki ruwan ba, zai iya danne mata numfashi, shi kansa ba ya ba da shawararta. Ta biyu a sa ta jijiyar wuya zuwa zuciya, ruwan ya bi jini. Wannan tana aiki, amma in cuta ta kama ta, kai tsaye jini take shiga, kuma in yarinya ta yi tsawo sai an sake aiki an ƙara robar. Ta uku babu roba sam. Akwai wani babban likita da kan zo lokaci-lokaci da na'ura mai ido a bakinta. Zai shiga da ita cikin kai ya huda wata 'yar ƙofa a ƙasan inda ruwan ke taruwa, ruwan ya samu sabuwar hanya ya wuce da kansa.

Na ce, "Likita, ai wannan ta ukun ta fi."

Ya ce, "In ta zauna, ta fi. Amma dole in gaya muku gaskiya. Ga yaran da sanƙarau ne ya jawo musu, ƙofar takan fi saurin toshewa. Wasu tana yi musu, wasu ba ta yi. Ba zan iya gaya muku a wane ɓangare 'yarku za ta faɗa ba."

Binta ba ta cika magana a gaban maza ba, amma ranar ta ɗago kai ta ce:

"In ta toshe fa?"

"Za ku ga amai, ko yawan barci, ko farfaɗiya, ko ciwon kai mai tsanani. Ku kawo ta ba tare da ɓata lokaci ba, sai mu sa ta zuciyar."

"In kuma ta zuciyar ce ta kama cuta, daga Gwiwa, za mu iso da ita da rai?"

Ya ce, "Wasu suna isowa."

Washegari Yaya Hansai ta zo dubiya da tuwo a kula. Muka zauna mu uku a gindin wata darbejiya a bayan ɗakin yara, na maimaita mata abin da likita ya ce. Ba ta bari na gama ba.

"Isiyaku, roba dai mun san ta. Shekara nawa tana jikin yarinyar nan tana yawo da ƙafarta? Su mayar da ita duk inda suka ga dama, zuciya ko ƙirji. Amma a ce za a huda wa mutum ƙwaƙwalwa, a bar shi haka ba komai? Ni ban taɓa ji ba."

Binta ta ce, "Yaya, na ga ta zuciyar. A gabana ta kashe 'yar mutane."

"Kwananta ne ya ƙare."

"Haka ne, Yaya. Amma uwarta ba sakaci ta yi ba. Zazzaɓi ta gani, ta ba da maganin zazzaɓi. Mu a Gwiwa wace damina ce yaro ba ya zazzaɓi? Ta yaya zan gane wanda zai kashe ta da wanda ba zai kashe ta ba?"

Yaya ta juyo gare ni ta ce, "Kai ne namiji. Ka yi magana."

Na tashi na bar su a wurin. Na koma Gwiwa, na yi istihara, na tafi gona na zauna ni kaɗai ina juya abin. Na tuna hanyarmu da damina, yadda babur kan kafe a laka, yadda mota ba ta samuwa sai ranar kasuwa. Na tuna fuskar Saratu duk sanda aka tura ta ɗakin tiyata. Na ga in aka sa ta zuciya, na san tabbas akwai wani aikin a gaba, in kuwa ƙofar ta zauna, wataƙila ta rabu da wuƙa har abada. Da na koma Kano na sami Binta a bakin famfo tana wanke kwanuka, na ce mata na yarda da ta ukun. Ba ta yi murna ba. Ta ce kawai, "Allah Ya sa mu dace, Malam." Ni na sa hannu a takardar. Wannan ku riƙe shi da kyau: ita ta fara faɗa, amma ni na yanke, kuma ban yanke don ta matsa mini ba.

Aka yi aikin, ya yi kyau. Suka rufe jakar suna lura da Saratu, ba amai, ba barci, aka cire. Muka dawo gida ana farkon shuka, Saratu ba roba a jikinta, karo na farko tun tana jaririya. Ban taɓa ganin damina irin wannan a gidana ba. Yarinyar tana gudu cikin ruwan sama, tana hawa katanga, Binta ta daina yi mata tsawa. Ita kanta Binta ta yi ƙiba, dariyarta ta dawo. Da safe wajen wanka hannunta kan tafi bayan kunnen yarinyar da kansa, sai ta tuna, ta yi murmushi. Har Yaya Hansai ta zo ta ga Saratu tana tsalle da igiya, ta ce, "To, Allah Ya ɗorar."

Da gero ya fara nuna, Saratu ta fara cewa kanta na ciwo da safe. Kafin azahar ya sake ta, ta fita wasa. Ba mu zauna ba, muka kai ta Kazaure. Aka gwada jini, aka sami zazzaɓin cizon sauro, kuma da gaske akwai shi, rabin yaran unguwa suna kwance a lokacin. Ta sha magani, zazzaɓin ya tafi, ta daina maganar kai. Binta tana tambayarta kullum, tana cewa ya daina. Babu amai, babu barcin rana, babu farfaɗiya, babu ko ɗaya daga abin da muke tsoro. Abin da muka gani kawai ta rage fita. Ta fi son zama kusa da uwarta. Wata rana ta yi karo da turmi a tsakar gida, muka ce rawar kai ce. Wata rana ta miƙa hannu za ta karɓi kofi, ta kama iska.

Ranar da muka gane, ranar kasuwar Gwiwa ce. Ina ɗaure buhu a babur, Binta tana tsintar wake a faifai, rana ta fito sosai har inuwa ta fara janyewa. Saratu ce ke taya ta fid da tsakuwa, kuma idonta ya fi na kowa a wannan aikin. Binta ta ga yarinyar ba ta kallon faifan, lalube take da yatsu. Kafin ta yi magana, Saratu ta ce:

"Mama, yau hadari ne? Gari ya ƙi wayewa."

Binta ta ajiye faifan a hankali. Ta cire ɗankwalinta ja ta riƙe a gaban fuskar yarinyar.

"Mene ne wannan a hannuna?"

Saratu ta juya kai gefe, tana nema ta wutsiyar ido. Ta ce, "Tsumma ne?"

"Tun yaushe kike gani haka?"

Saratu ta kawar da fuska. Na durƙusa a gabanta na ce ta faɗa, ba wanda zai yi mata faɗa. Sai ta ce, a hankali:

"Tun ana cin ɗanyar masara. Kan ma bai daina ba. Na ce in na faɗa, za a mayar da ni gadon nan da ba a ɗaga kai."

Na kwance buhun na jefar. Muka sa ta a tsakiya a kan babur, Nura a bayan uwarsa, har Kazaure, daga can mota zuwa Kano. Likitan ya haska mata ido da 'yar fitila, ya daɗe yana dubawa, ya koma ɗaya idon, ya sake dawowa. Aka ɗauki hoton kai. Ya ce ƙofar ta toshe, amma ba farat ɗaya ba, a hankali ta riƙa tsukewa, shi ya sa ba a ga amai ko suma ba. Ruwan ya yi ta danne jijiyoyin ido har suka bushe. Ya ce yanzu maganar rai ake, ba ta ido ba. A ranar suka shiga da ita suka sa robar zuciya, wadda muka gudu tun farko.

Da aka fito da ita, Binta ta tare likitan a baranda. Ba ta yi kuka ba. Ta ce:

"Likita, don Allah ka gaya mini. Da mun sa wannan tun farko, da tana gani?"

Ya ce, "Baiwar Allah, ban sani ba. Wataƙila tana gani. Wataƙila kuma ita ma ta toshe, ko ta kama cuta kamar ta maƙwabciyarku. Duk wanda ya ce miki ya sani, ba gaskiya ya gaya miki ba."

Ciwon kan ya tafi. Idon bai dawo ba. Ta ɗan jima tana bambance haske da duhu, tana iya nuna inda taga take, daga baya shi ma ya ɗauke.

Ranar da muka dawo Gwiwa mata sun cika tsakar gida sun zo jaje. Binta ta shigo riƙe da hannun Saratu, tana gaya mata inda dokin ƙofa yake. A nan, a gaban kowa, Yaya Hansai ta ce:

"Yarinya ta tafi da idonta biyu. An ce a sa roba, uwarta ta ce ita ta fi likita sani. Ga shi nan, an dawo an sa robar, ido kuma ya tafi."

Na ce mata ni na sa hannu, kuma likita ne da kansa ya kawo hanyar. Na faɗa a ranar, na sake faɗa daga baya, amma maganarta ce ta zauna a bakin mutane, don ta fi sauƙin maimaitawa. Ba na cewa Yaya muguwa ce. Tana son Saratu, baƙin ciki ne ya nemi wanda zai sauka a kansa. Binta ta wuce da yarinyar ɗaki, washegari ta fara koya mata gidan da hannu: ga randa, ga murhu kar ki matso, ga igiyar shanya ki bi ta har bayi. Ta ci gaba da gaida Yaya da durƙuso har ƙarshen rayuwarta, amma ba su ƙara cin abinci kwano ɗaya ba.

Mahaifiyar da kuka sani, mai yawan shiru, wadda ko tari Saratu ta yi sai ta ajiye abin da take yi, ba haka na aure ta ba. Wannan shekarar ce ta mayar da ita haka. Duk zazzaɓin da Saratu ta yi bayan nan, Binta ba ta yarda a gwada magani a gida ba, sai Kano. Sau da yawa ba komai ba ne, mu dawo da gajiya. Amma akwai lokacin da cuta ce da gaske ta shiga jinin, kuma saurin da ta yi ne ya cece ta. Da Saratu ta yi tsawo aka sake aiki aka ƙara robar, kamar yadda aka gaya mana. Saboda wannan zirga-zirgar na nemi a mayar da ni Kazaure, muka bar gidan gado. Hawan jinin da ya tafi da mahaifiyarku, ni na san inda ya faro.

An tambaye ni ko da za a maimaita, wacce zan zaɓa. Har yau ban sani ba. Abin da na sani, matar nan ta zauna a ƙarƙashin gadon 'yarta, ta ga abin da babu wanda ya gani a cikinmu, ta yi tambayoyin da ni ban yi tunaninsu ba, sannan ta faɗi abin da take ganin zai raya 'yarta. Kada wani ya ƙara gaya muku akasin haka ku yi shiru.

Robar tana nan a wuyan yayarku, tana aiki, kuma wata rana za ta iya tsayawa. Ni ƙafafuna sun fara gazawa, ba zan ƙara hawa babur da kowa ba. In ta yi zazzaɓi, kada ku tsaya a kemis. In ta fara yawan barci, ko ta yi amai da safe, kada ku jira gobe, kada ku jira wani ya ba ku izini. Kuma kada ku dogara da sai ta faɗa. Kwanan baya ina zaune tana ninke mini kaya, na ga ta tsaya ta dafe goshi. Na tambaye ta, ta ce ba komai. Na sake tambaya, ta ce ba komai, Baba. Sai da na ce ta tuna da Allah, sannan ta yi dariya kaɗan, ta ce tun jiya ne, amma ba ta so ta tayar wa Nura da hankali, yana da aiki.

Ranar muka tafi Kano. Ba robar ba ce, mura ce ke shirin kama ta. A hanyar dawowa ta jingina da kafaɗata a mota, ta ce:

"Baba, ka gaya musu in na ce ba komai, su sake tambaya."